Maginin Tukwane Na Deptford

"Ba zan iya ba! Na ce ba zan iya ba!"

Ban san lokacin da na ɗaga curin yumɓun na maka shi a bango ba. Ya manne na ɗan lokaci, sannan ya sulalo ƙasa, ya bar jan tabo a jikin farin fenti.



Mu shida ne mata a ajin koyon ginin tukwanen, duk suka juyo suna kallona. Anti Lovelyn, ƙawar Ummata wadda ta jawo ni wurin kusan da ƙarfi, ta dafe ƙirji.

"Hansai! Me ya yi zafi haka?"

Hannuna na dama nake kallo, a kan cinyata, yatsu biyun ƙarshe sun lanƙwashe kamar ba nawa ba. Hawaye suka ɓalle mini.

Malamin ajin ya taso. Dogo ne, fari, mai murɗaɗɗen gashi. Tun da muka shigo Turanci yake yi mana, irin na mutanen Faransa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce in fita.

Sai ya durƙusa ya tattara yumɓun, ya juya shi a hannunsa, ya girgiza kai.

"Oh ni 'yasu," ya ce. "Ke 'yar nan, me laka ta yi miki?"

Kukan ya tsaya mini cak.

"Kai... Hausa kake ji?"

"Ina taɓawa. Amma irin ta tsofaffin mata ce, wajen kakata na koya. Kada ki yi mini dariya."

Ai kuwa dariyar na yi. Da hawaye da majina, a gaban mutane, na yi dariyar da rabona da ita wata tara.

Haka na fara sanin Mahamudu Veyrac.

*

Ni likitar haƙori ce a Croydon, a kudancin London. Wata safiya ina sauri in kama jirgin tram, ruwan sama ya jiƙa matakala, santsi ya kwashe ni na faɗa kan ƙofar gilas. Gilas ɗin ya yanke mini jijiya a wuyan hannu. Sau biyu aka yi mini aiki. Likitoci suka ce jijiya a hankali take dawowa, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba.

Shekara da shekaru na yi ina koyon riƙe ƙaramin ƙarfe a bakin mutum ba tare da hannuna ya motsa ba. Sai ga shi cokali ma da hagu nake riƙewa.

Na daina fita. Na daina ɗaga waya. Abbana, Dokta Zulkiflu, likitan tiyata ne da ya yi ritaya, ya san abin da takardun asibitin suke nufi fiye da kowa. Tun ranar da ya karanta su bai ƙara kallon hannuna ba. Idan na miƙa masa shayi, fuskata yake kallo.

Anti Lovelyn ce ta gaji da ganina a ɗaki. 'Yar Jos ce, tsohuwar nas, duk Asabar tana zuwa wani ɗakin ginin tukwane a Deptford. Ta ce wa Umma, "Hajiya Fulera, ki ba ni yarinyar nan, na san inda zan kai ta."

Asabar ta biyu na koma don in ba da haƙuri kawai. Na tarar ya janye kujerata daga gaban injin nan mai juya yumɓu, ya ajiye mini wani faffaɗan katako a kan tebur.

"Wannan injin yana son hannu biyu masu sauri," ya ce. "Kakata ba ta taɓa amfani da shi ba, kuma randar da take ginawa mutum yana iya ɓuya a ciki. Murza wannan ya zama kamar igiya."

Na kai hannun hagu.

"A'a, Lokotoro. Da wancan da kike ɓoyewa a cikin mayafi."

"Me ka kira ni?"

"Lokotoro. Haka muke ce wa likita a Damagaram."

"Ni ba likita ba ce yanzu."

"To, murza dai."

Na murza. Ya tsinke. Na sake, ya sake tsinkewa. Sau goma sha huɗu, ina ƙirgawa. Bai ce sannu ba, bai ce kash ba, sai dai ya turo mini wani curin. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa hannuna ba. Idan yatsana ya kauce sai ya ce, "Anti Lovelyn, don Allah gyara mata babban yatsan nan."

Tukunyata ta farko ta fito kamar hular da aka zauna a kai. Duk da haka ya gasa ta tare da nasa.

*

Bayan aji mukan zauna mu uku mu sha shayi, ƙofa a buɗe, hayaniyar kasuwa tana shigowa. A nan na ji labarinsa, guntu-guntu.

"A Limoges aka haife ni, garin da ake yin farin tangaran a Faransa. Babana Bafaranshe ne. Shekara talatin da ɗaya yana zana layin zinare a bakin faranti a wata masana'anta. Layi ɗaya, Lokotoro. Kullum layi ɗaya."

"To ina ya haɗu da mahaifiyarka?"

Ya yi murmushi.

"Yana saurayi ya je Nijar ganin yadda matan Mirriya suke gini. Ya sayi tulu a wajen wata maginiya. Washegari ya dawo ya sayi wani. Sai da ya sayi tulu goma sha ɗaya kafin kakata ta gane ba tulun yake zuwa gani ba, 'yarta Rukayatu yake zuwa gani."

Anti Lovelyn ta ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe ta.

"Ya musulunta, aka ɗaura aure, ya tafi da ita. Da aka haife ni kakata ta zo wankan jego, ta ce wata uku za ta yi. Shekara tara ta yi! A bayan gidanmu take gina tukwanenta, ta tara itace ta cinna wuta. Sau biyu maƙwabta suna kiran 'yan kwana-kwana."

Daga nan muryarsa ta sauka.

Ya ce da ya shiga makarantar koyon zane da sassaƙa, ya kai wa wani malaminsa jar tukunya irin ta kakarsa. Malamin ya duba ya ce wannan kayan gidan tarihi ne, ba aikin mai neman suna ba. Kunya ta kama shi. Ya bar jar ƙasa, ya koma farin tangaran. Shekara goma yana yin kwanuka sirara waɗanda haske yake ratsawa, har ya ci babbar kyauta, jaridu suka buga hotonsa.

"Ranar da kakata ta rasu a Mirriya, ina tsaye a wani baje koli ina gaisawa da baƙi. Na ga kiran Innata sau biyar, na ce sai an tashi."

Ya juya kofin a hannunsa.

"Wata shida na kasa taɓa aiki. Sannan na je kabarinta, na ɗebo buhun jar ƙasa daga inda take ɗiba, na taho London inda ba wanda ya san ni. Na ce sai na haɗa farin babana da jan kakata a tukunya ɗaya. Amma idan suka ji wuta kowanne da yadda yake tsukewa, sai tukunyar ta fashe. Shekara shida suna fashe mini."

"Yanzu fa?"

Ya nuna kantar da ke bayana. Tukwane ne jere, ƙasansu ja, bakinsu fari tas kamar madara. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba.

"Arba'in ne. A watan Satumba za a nuna su a Paris. Solène ce ta shirya komai."

Na san Solène. Bafaranshiya ce mai gidan baje kolin kayan zane a nan London, ita take tallata aikinsa shekara biyar. Sau biyu ta tarar da mu muna shan shayi, sau biyun kuma ta gaishe da kowa ban da ni.

*

Wata bakwai ina zuwa. Ranar da na iya matse bakin tukunya da ɗan yatsana na kusa da ƙarami, sai da na yi ihu. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfi, har matan ajin suka yi tafi ba su san dalili ba.

Ranar ce ya raka mu tasha. Anti Lovelyn ta tsaya a shagon 'yan Ghana tana zaɓen doya, ta daɗe fiye da yadda zaɓen doya yake buƙata.

"Hansai."

Bai taɓa kiran sunana ba.

"Na'am, Malam?"

"Duk ranar Juma'a nakan kasa aiki, saboda gobe Asabar ce. Duk ranar Lahadi nakan kasa aiki, saboda jiya Asabar ce. Idan aka ci gaba a haka sana'ata za ta mutu."

Na sunkuyar da kai, kunnuwana sun yi zafi.

"To ya kake so a yi?"

"Ina so in je in gaishe da mahaifinki. Idan kin yarda... idan zuciyarki ta yarda."

"Ka ga hannuna fa. Ba lallai ya dawo daidai ba."

"Na fi kowa ganinsa. Shi na fara so, da taurin kansa. Sauran kuma suka biyo baya."

Na rufe fuska da mayafi.

"Ka je," na ce. "Na yarda."

Amma Abba bai yarda ba.

"Maginin tukwane?" ya ce, ya ajiye jaridarsa. "Fulera, kin ji abin da 'yarki take faɗa? Shekara nawa muka yi muna ɗawainiyar karatunta?"

"Abba, an san shi a duniya. Aikinsa..."

"Ban tambaye ki ba. Wa ya san danginsa? Wa zan aika ya yi mini bincike a Faransa? Kina cikin rauni ya same ki, ya yi miki kirki, kin ɗauka so ne. Tausayi ne, Hansai. Tausayi kuma yana ƙarewa."

Sai da muka shiga kicin Umma ta ce, "Ki yi haƙuri, ki bar ni da shi. Amma ke ma ki tabbata."

Na tabbata. Har zuwa Asabar ta gaba.

*

A bakin titi Solène ta tare ni, kafin in ƙarasa ƙofar ajin. Ta yi murmushi a karo na farko, ta miƙo mini wani ɗan littafi mai sheƙi.

"Littafin baje kolin Paris ne," ta ce da Turanci. "Na ga ya kamata ke ki fara gani. Shafi na tara."

Na buɗe.

Hannuna ne.

Hannuna, babba, ya cika shafi, da tabon ɗinki da lanƙwasassun yatsu, yana kan yumɓu. A ƙasa an rubuta yadda fitaccen magini ya tsamo wata nakasasshiyar 'yar Afirka daga baƙin ciki. Har da sunana. Har da aikina.

Na tuna ranar da mai ɗaukar hoto ya zo, aka ce tukwane kawai zai ɗauka.

"Shi ya zaɓi hoton da kansa," ta ce. "Masu saye suna son irin wannan labarin. Kin taimaka masa sosai. Af, ya gaya miki an ba shi shugabancin wani ɗakin aiki a Faransa, na shekara uku? Daga Satumba zai koma. Tare za mu tafi."



Na shiga. Yana tsaye yana yayyanka yumɓu da waya, ya ɗago da fara'arsa.

"Lokotoro! Yau kin makara..."

Na ajiye littafin a gabansa.

"An ba ka aiki a Faransa?"

Fara'ar ta ɓace.

"An ba ni. Amma ban..."

"Shi ke nan. Abba ya yi gaskiya. Na ɗauka mutum ka gani, ashe talla ka gani!"

"Hansai, wace talla? Tsaya mana!"

Ban tsaya ba. Na fita da gudu, na kashe wayata, ina kuka tun daga Deptford har Croydon, wata tsohuwar Baturiya tana ta miƙo mini tishu a jirgi.

Da Abba ya ji, ya ce zai kai ƙara. Na ce ya bari. Abin da nake so kawai kada a sake ambaton sunansa a gidan.

*

Kwana goma sha biyar suka wuce.

Ran Lahadi da rana muna cin abinci, aka danna ƙararrawa kamar za a fasa ta. Anti Lovelyn ce, daga coci take, da ɗaurin ɗankwalinta har yana taɓa ƙofa. Ko zama ba ta yi ba.

"Dokta, Hajiya, ku gafarce ni, yau sai na yi magana. Ke Hansai, kin san abin da yaron nan ya yi?"

"Anti, don Allah..."

"Yi mini shiru! Ina wurin lokacin da ya buɗe littafin nan bayan kin fita. Wallahi ranar ya fara ganinsa. Ya kira Solène ɗin nan a gabana, ya ce a cire shafin, a ƙona duk wanda aka buga. Ta ce ba za a cire ba, ko littafin ya fita a haka ko a yi cancel ɗin Paris gaba ɗaya. Ta ɗauka ba zai iya ba."

Na ajiye cokali.

"Sai ya ce me?" Umma ta tambaya.

"Ya ce a yi cancel ɗin! Ya ɗauko motar van, ni da shi muka je shagonta muka kwaso tukwanen nan arba'in. Tana kuka tana cewa shekara biyar tana jiran ya kalle ta. Ya ce mata ya gode da duk abin da ta yi masa, amma mutuncin yarinyar nan ba na sayarwa ba ne. Ya sa lauya ya hana littafin fita. Aikin Faransa kuwa tun wata biyu da suka wuce ya rubuta musu cewa ba zai zo ba, na ga takardar da idona. Abin da yake ƙoƙarin gaya miki ke nan kika fice."

"Shekara shida..." na ce. "Anti, aikin shekara shida ne."

"Ai kin sani."

Ban san ina matse gefen tebur ba sai da na ji muryar Abba.

"Hansai. Kawo hannun nan."

Na ɗago. Hannuna yake kallo. A karo na farko tun bayan hatsarin, hannuna yake kallo.

Na miƙa masa. Ya juya shi, ya bi tabon da yatsa, ya danna nan ya danna can. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu, ya saka ta tsakanin yatsuna biyun ƙarshe.

"Matse. Kada ki bari in zare."

Ya ja.

Takardar ba ta fita ba.

Ya sake ja da ƙarfi, sai ta yage, rabi a hannunsa rabi a nawa.

Abba ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge shi da bakin riga, duk da ba abin da ya same shi.

"Ban yi zaton zan ga wannan ba," ya ce a hankali. "Na karanta takardunki, na yanke ƙauna, na kasa ko kallonki. Wani kuma da bai karanta komai ba ya zauna da ke wata bakwai." Ya mayar da tabarau ɗin. "Ran Juma'a idan na sauko daga masallaci, ki shirya ki raka ni."

*

Ɗakin aikin Mahamudu muka tarar cike da akwatuna, wasu a buɗe, ciyawar da aka naɗe tukwanen da ita ta watse a ƙasa. Yana zaune a tsakiya, ya rame, gemu ya taru. Da ya ga Abba ya miƙe da sauri, ya goge hannu a riga, ya rusuna har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. Ku gafarce ni, wurin ba kyau."

Abba bai zauna ba. Ya zagaya, ya ɗauki tukunya ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ta yi ƙara kamar ƙararrawa.

"Na ji ka rasa Paris saboda 'yata."

"Ban rasa don ita ba, Baba. Sakacina ne, ni na bari mai hoto ya shigo ana aji. Ni ya kamata in biya."

"Za ka sake samun irin wannan damar?"

"Allah ne ya sani. Wataƙila a'a."

"Kuma ba ka yi nadama ba?"

"Na taɓa zaɓar baje koli a kan mutum, Baba. Har yau ina jin ciwon. Ba zan sake ba."

Abba ya ajiye tukunyar a hankali, da hannu biyu.

"Mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu shekara huɗu ke nan. Innata tana Limoges, ƙannenta maza biyu suna Damagaram."

"Ka ba ni lambarsu. Zan yi bincikena, domin haƙƙina ne. Idan na samu abin da nake zato, ka ce su turo." Ya juyo gare ni. "Ina mota. Minti biyar."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Na rasa ta inda zan fara. Hawaye kawai.

"Malam, ka yafe mini. Ban tsaya na saurare ka ba. Na gaya maka magana mai zafi, kai kuwa..."

"Ya isa, masoyiyata. Ya isa haka."

"Ka bar ni in faɗa! Ka dawo mini da hannuna, ka dawo mini da Abbana, ni kuma na jawo maka asarar..."

"Allah ne ya dawo da hannun, ke kika yi wahalar. Ni yumɓu kawai na riƙa turo miki." Ya yi ɗan murmushi, idonsa ya yi ja. "Amma kwana ashirin ɗin nan, Hansai... kada ki sake yi mini haka. Ko shayi na kasa haɗawa."

"Ba zan sake ba, hasken idona. Na yi alkawari."

Abba ya danna hon.

*

Paris ba ta dawo ba a wannan shekarar. Tukwanen arba'in a wani ɗan zaure a nan Deptford aka nuna su, matan ajinmu ne suka share wurin, Umma ta soya ƙosai. Mutane suka zo fiye da yadda muka zata. A rana ta uku wata dattijuwa mai kula da wani gidan adana kayan zane ta tsaya a gaban tukunya ɗaya kusan awa guda, sannan ta nemi lambarsa. Daga nan hanya ta sake buɗewa, a hankali, ba tare da hoton kowa ba.

Ni kuma na koma aiki, kwana uku a mako. Ɗan ƙaramin yatsana har yau ba ya jin sanyi ko zafi sosai. Na karɓa da godiya.

Ranar Asabar aka ɗaura auren a masallacin Regent's Park, bayan azahar. Maza suka tafi, mu mata muka zauna a falonmu muna jiran waya. Inna Rukayatu ta iso ta jirgin ƙasa tun jajibiri, 'yar siririya, mai tsaga biyu a kunci. Tun da ta shigo take riƙe da hannun Umma, suna hira kamar tare suka tashi.

Wayar Umma ta yi ƙara. Ta saurara, ta ɗago ido cike da ƙwalla.

"An ɗaura."

Sai Inna Rukayatu ta miƙe. Ta kama hancinta, ta ɗaga kai, ta rangaɗa guɗar da sai da gilasan taga suka amsa. Ta sake. Ta sake ta uku, sannan ta zauna ta fashe da kuka.

"Shekara talatin da takwas ina Faransa," ta ce tana share ido, "ban yi guɗa ba. Wa zan yi wa? Wa zai gane? Na ɗauka ta mutu a maƙogwarona." Ta jawo ni jikinta. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kin kawo mu cikin mutane."

Maƙwabcinmu Bature ya ƙwanƙwasa ƙofa a firgice yana tambaya ko a kira motar asibiti. Anti Lovelyn ta cika masa faranti da shinkafa da nama, ta ce masa lafiya lau, aure aka yi.

Ana cikin dariyar wayata ta yi ƙara. Na lallaɓa na shige ɗaki.

"Amarya," ya ce, hayaniyar maza tana tashi a bayansa.

"Na'am, angona."

"Abba ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta zagayawa da ni wajen abokansa. Ki cece ni."

"Ba ruwana. Kai ka nema."

Ya yi dariya, sannan ya kasa kunne.

"Wace ƙara ce nake ji a bayanki?"

Na buɗe ƙofar ɗakin, na ɗaga wayar sama. A falo Umma da sauran mata sun kama guɗa, Inna Rukayatu tana tsakiyarsu, muryarta ta fi ta kowa tashi.

"Innarka ce," na ce.



"Kada ki kashe wayar, Hansai. Bar ni in ji."